Launin Jar Ƙasa a Bangon Ɗakunanmu



Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a sahun gaba, ma'aji da sakatariya, 'yan uwana mambobi, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, ina gaishe ku, ina kuma taya mu murnar ganin zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Waɗanda muka faro tafiyar nan da su ba su kawo yau ba, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Da kwamiti ya ce in yi magana a kan gyaran ɗaki, na san wasu sun ce shi ke nan, za ta zo ta tallata mana labulenta. To ba labule na kawo ba yau. Zancen bango na kawo, domin labule komai tsadarsa a jikin bango yake rataye. Sana'ar nan tana shigar da ni ɗakuna iri-iri, na amare da na iyayen gida, in yi awo in dawo in ɗaura. Abin da nake gani kusan ɗaya ne: fari fat, ko ruwan madara, ko wannan shuɗi-shuɗin mai kama da na asibiti. Ranar jere ka rantse otal ne. Ka dawo bayan hunturu ɗaya da damina ɗaya, sai ka tarar da sawun hannun yara tun daga bakin ƙofa har gindin gado, ga ɗigon manja, ga kusurwar da ake ajiye kaskon turaren wuta ta koma ruwan ɗorawa. Daga nan sai a fara lissafin sabon fenti kafin Sallah, a ɗauki kuɗin adashi ko a nemi rance a nan wurinmu. Ma'aji tana nan, ta san sau nawa ake zuwa mata da wannan dalili. Kuɗin da ya kamata ya shiga jari, bango yake cinye shi duk shekara. Tun kuwa da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ta san yadda farashin komai ya koma, fenti bai tsira ba.

Shi ya sa nake so mu duba wani launi da muka raina, launin jar ƙasa. Ba ja irin na tattasai nake nufi ba, ba kuma ruwan goro mai ɗaukar ido ba. Ku tuna sabuwar randa da aka fito da ita daga gashi, ko jan bulo, ko lallen da ya kwana ya kama a tafin hannu. Ja ne da ya sha ruwan ƙasa, ya kwanta, ba ya hayaniya. In kun je shagon fenti aka miƙo muku katin kaloli, za ku gan shi da sunan terracotta ko brick red. Kalmar farkon nan ta mutanen Italiya ce, ma'anarta gasasshiyar ƙasa. Wato dai tukunyar da kakanninmu suke dafa miya a ciki, ita aka sa wa sunan Turai aka dawo mana da ita a cikin galan.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini a kasuwa: "Haba dai, mun baro gidan ƙasa da ƙyar, kuma ki ce mu mai da ɗakin siminti kamar na ƙauye?" Iyayena da ke nan sun fi ni sanin amsar wannan. Ɗakin da aka yi wa yaɓe mai kyau, aka yi masa daɓe, ba abin kunya ba ne a da. Mata ne ma suke yin daɓen, a yi gayya, a zuba tsakuwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, ana yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga kwasfar ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi, ta fito da wannan ja mai duhu. Magina kuma suna da nasu sirrin, su haɗa katsi daga marina da gashin jima da dafara su yi laso, ruwan sama ya sauka ya zame. Wadda take ganin launin nan na talaka ne, ta ɗauki yaranta ran Asabar ta kai su Gidan Makama, ta dubi bangon. Gini ne da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. A Agadas ta Nijar, tsohon garin da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa, hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2013, mutane suna biyan kuɗin jirgi don su je su ɗauki hoto a jikin irin bangon da muke gudu. Mu ne kawai muka ɗauka wayewa ita ce fari.

Amma ba don tarihi kaɗai na kawo shi ba, ni 'yar kasuwa ce, riba nake dubawa. Ribar launin nan ita ce yana rufa asiri. Ƙurar da ke shigowa daga layi, sawun hannu, maiƙon kai a inda ake jingina, hayaƙin turare da na maganin sauro, duk danginsa ne, sai su saje. Abin da zai tona farin bango cikin wata uku, wannan zai haɗiye shi ya yi shiru. Sai dai shi ma yana da abokan gaba. Alli yana fitowa a jikinsa ɓaro-ɓaro, haka gishirin da ke tsatsowa daga bango mai danshi, kuma in aka ja kujera ta karce shi, farin da ke ƙasa zai leƙo. Don haka duk wadda ta shafa, ta rage ɗan kaɗan a kwalba ta rufe gam, saboda irin wannan rana.

Yanzu ga inda ake ɓata abin. Kada wadda ta tashi daga nan ta je ta shafe bango huɗu da silin, gobe ta ce ni na sa ta. Launi ne mai shan haske. Yawancin ɗakunanmu taga ɗaya ce, ita ma mun rufe ta da labule mai nauyi, wuta kuma sai an ga dama a kawo. In kika shafe ko'ina, da azahar ma sai kin kunna tocila kafin ki ga allura. Sauro kuma kun san halinsa, wuri mai duhu yake so ya laɓe. Wasu suna tambaya ko yana ƙara zafi. A waje, inda rana ke dukan bango, ƙwarai launi mai duhu ya fi ɗaukar zafi. A cikin ɗaki bambancin kaɗan ne, zafin da ke gasa mu daga kwanon rufi yake saukowa, musamman inda ba silin. Amma ido ma yana jin zafi. A watan Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura 40, ki zauna tsakanin jajayen bango huɗu, za ki ji kamar gurasa a tanderu.

Hanya biyu ce na ga tana fitar da mutum. Ta farko, ki zaɓi bango ɗaya tak, wanda gado ko doguwar kujera ke jingine da shi, ya zama kuma hasken taga yana sauka a kansa. Bangon da tagar take jikinsa kullum shi ya fi duhu, a bar shi da haske. Sauran ukun ki ba su ruwan madara, silin ya zauna fari. Ta biyu, ita na fi so wa mai ƙananan yara, ita ce a raba bango gida biyu: daga ƙasa zuwa kamar ƙafa 4 a shafa jar ƙasa, daga nan zuwa sama mai haske. Iyakar inda hannun yaro ke kaiwa ke nan. A ɗaura zare a ja layi, a manna salatif na takarda, layin zai fito sak. Wannan ya dace da falo, da baranda, da zaure, da lungun da ake bi a shiga kicin. Ɗan ƙaramin ɗaki marar taga kuwa, a haƙura, ba nasa ba ne.

Sai zancen saye. Fenti kashi biyu ne a taƙaice, na ruwa da na mai. Na ruwa shi ake sirkawa da ruwa, yana bushewa da wuri, ba ya da wari sosai. A cikinsa akwai mai araha wanda in kin goga hannu yake bin ki kamar alli, akwai kuma mai ɗan santsi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Na mai shi ne mai ƙyalli, da kananzir ko tina ake sirka shi, warinsa yana kwanaki. Launin jar ƙasa ba ya son ƙyalli. In ya yi ƙyalli sai ya koma kamar ƙofar shagon mai walda. Ki nemi na ruwa mai goguwa. Ya fi tsada, gaskiya ne, amma araha ba ta ado, kuma tun da bango ɗaya ne ko rabi, ba mai yawa za ki saya ba.

Bari mu yi lissafin tare, kada mai fenti ya yi mana shi. Ɗakin da muka saba, ƙafa 12 ne a kan 12, tsayinsa ƙafa 10. Bango ɗaya ya kama murabba'in mita 11. Fenti mai kyau, lita ɗaya tana rufe kamar mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya, in bangon sumul yake. Shafi biyu ke nan bai wuce lita 3 ba. Ko da launin ya nemi shafi na uku, don ja yakan yi gardama a kan fari, galan ɗaya mai lita 4 zai kai ki ko ya kusa. Ɗakin gaba ɗaya, in an cire ƙofa da taga, kamar mita 40 ne, lita 8 zuwa 10 ke nan a shafi biyu. To in wani ya ce ki kawo babban bokiti mai lita 20 don bango ɗaya, ki tambaye shi bangon gidan wa za a haɗa. Sabuwar filasta mai kaushi takan sha fiye da haka, wannan kam a yi masa adalci. Waɗannan lambobin duk suna rubuce a bayan bokiti, har da yawan ruwan da aka yarda a ƙara da awannin da za a jira tsakanin shafi da shafi. Mu da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatun yake biya. Wadda ba ta kai nan ba tukuna ta tafi da ɗanta ya karanta mata, babu kunya a ciki. Ruwan nan musamman ku sa ido a kansa. Mai fenti in an ba shi kwangila da kuɗin kaya, yakan tsinka shi kamar kunun marar lafiya, ranar ya yi kyau, bayan wata biyu bango ya yi dabbare-dabbare.

Abu biyu kuma kafin ki biya. Launi a kati daban, a bango daban, ɗanye daban, busasshe daban. Ki roƙi ɗan kaɗan ki shafa faɗin faifai biyu, ki dube shi da safe, da la'asar, da dare. Ƙwan lantarki fari tas, irin na fitilar caji da na sola, yana kashe shi ya koma kamar hanta. Ƙwai mai ruwan ɗorawa shi ke tashe shi, ɗaki ya yi kamar an kunna aci-balbal. Sannan in haɗa miki za a yi, wato a ɗiga kala a cikin fari, a haɗa duk abin da ake bukata a lokaci ɗaya. Haɗin yau da na gobe ba sa taɓa zama ɗaya, ko da hannu ɗaya ne ya yi.

Bangon kansa fa? Fenti ba ya maganin bango marar lafiya. In gindinsa yana jiƙewa da damina, yana fitar da farin gishiri, yana ɓamɓarewa, ki fara neman inda ruwan yake fitowa: kwata ce ta bayan ɗaki, ko indararo, ko famfon banɗakin maƙwabta. In ba a tare shi ba, kin zuba kuɗinki a rijiya. Sabuwar filasta a ba ta kamar mako 4 ta bushe. Tsaga a cike ta, tun da an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa kyankyaso da kuɗin cizo na fi gani suna shiga. Masu ɗakin ƙasa, kada ku yarda a shafa muku fentin mai. Bangon ƙasa numfashi yake yi, in aka toshe shi danshi zai taru a ciki, fentin ya kumbura ya zubo da yaɓen. Ku da kuke da launin ma a kyauta, sabon yaɓe da makuba ya wadatar, sai a ja farar ƙasa daga sama don haske. Lokacin aiki kuma, wanda na fi so shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bango ya bushe, hazo bai sauko ba.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, ina roƙon a saurare ni, har da maza. Dalma. Ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. An daɗe ana zuba dalma a wasu fentin mai, musamman masu kala mai ƙarfi, ja wur da ruwan ɗorawa da ruwan lemo, don su yi haske su bushe da wuri. Fentin ya tsufa ya zama gari, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Ba ta nuna alama da wuri, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya zo makaranta karatu ya ƙi zama, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa a jikin yaro, kuma iyakar da ake kira ga ƙasashe su sa wa fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan. Wani abin da ya ƙara mini son launin jar ƙasa shi ne, bisa al'ada daga tsatsar ƙarfe ake samun kalarsa, sinadarin da ya sa ƙasarmu ta zama ja tun asali. Duk da haka a duba bokiti, a nemi inda aka rubuta babu dalma, da Turanci lead free ko no added lead, a guji fentin da ba suna ba adireshi. Wannan jan da masu walda ke shafa wa ƙofar ƙarfe, kalarsa ta yi kama da tamu, kada araha ta ja wata ta kai shi ɗakin kwana, ba don bango aka yi shi ba. In za a kankare tsohon fentin mai, a fitar da yara da mai ciki, a yayyafa ruwa kafin a sa sanfefa, a kwashe garin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya ya tashi. Gwangwanin da ya ƙare kuma ba mazubin abinci ba ne. Na ga ana zuba ruwan sha da gero a ciki, a bari.

To mu koma kan ado, kada in bar ku da tsoro. Nan ne sana'ata ta shigo, ku yi mini uzuri. Bangon jar ƙasa yana son labule mai haske marar tarkace, ruwan madara ko fari mai ɗan duhu. Yana son shuɗi mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata, ko zanin gado ne ko rigar filo, in kin gwada za ki sha mamaki. Yana son koren ganye, da katako, da tabarma, da faifai masu zane, da ƙwarya, da tum-tum na fata irin na Kasuwar Kurmi, da tasa ko tire mai ruwan zinare. Kwanukan jeren da iyayenmu suka ɓoye a ƙarƙashin gado don wai sun tsufa, a jikin bangon nan suke samun mutuncinsu. Abin da ba ya so shi ne kishiya: jan kafet, jajayen kujeru, labule ruwan hoda mai ƙyalƙyali. In kayan ɗakinki ja ne, ki bar bangon da haske, ko ki jira sai kin canja. Uwar amarya ta fara zaɓar kujeru, sannan a zaɓi fenti, don fenti ya fi sauƙin sauyawa.

Mai zaman haya ta nemi izinin mai gida tukuna, domin rufe launi mai duhu da fari yana cin shafi uku, kada ranar tashi a riƙe mata kuɗi. Maigida ma a yi shawara da shi, kada bawan Allah ya dawo daga kasuwa ya zaci ya ɓata hanya. In kuma akwai abokiyar zama, ku san yadda za ku yi, ni ban ce komai ba.

Hajiya shugaba, ina da roƙo biyu ga ƙungiya. Na farko, lita a babban bokiti ta fi sauƙi a kan lita a galan. Mutum biyar masu son bango ɗaiɗai za su iya haɗa kuɗi a sayo bokiti ɗaya mai lita 20 a Ƙofar Ruwa, kowa ta sami lita 4, kuma ga mai kyau maimakon kowa ta je ta sayo na alli ita kaɗai. Yadda muke sarin shinkafa da sabulu, haka za a yi. Na biyu, shafa fentin ruwa da rola ba aikin da ya gagari mace ba ne. Wadda ta iya daɓe, ta iya zanen lalle ba tare da hannunta ya karkace ba, za ta iya jan layi a bango. Gidaje nawa ne a unguwanninmu da namiji ba ya shiga, sai an kwashe mata an kai maƙwabta kafin mai fenti ya zo? In muka ɗauko ƙwararre ya koya wa 'yan matanmu da zawarawanmu na 'yan kwanaki, ƙungiya ta sayi rola da burushi da tsani ta riƙa ba su aro, sun sami abin yi, kuɗin aikin kuma ya zauna a tsakaninmu. Ɗakin karatunmu na yamma ma bangonsa ya gaji, a fara koyo da shi, kowa ta zo ta gani da idonta kafin ta kai gidanta.

Na zo da katin kaloli da wani allo da na shafa wa iri uku, mai haske da matsakaici da mai duhu, suna kan teburin sakatariya. Wadda take son shiga haɗin bokitin farko ta ba da sunanta a can bayan an ci abinci, ta zo da awon bangonta ranar taron wata.